Yadda Na Rabu da Babur Saboda Akwatin Gwajin Wuta

Dukanku kun taso kuna jin Baffanku Bala yana ba da labarin nan a bakin shagonsa, yana dariya har hularsa ta karkace, wai ubanku ya sayar da babur mai kawo abinci ya sayo akwati. Ban taɓa musa masa a gabanku ba, domin yayana ne, kuma rabin abin da yake faɗa gaskiya ne. Yanzu da Allah ya yi masa rasuwa, ni kuma idona ya fara gazawa, gara in rubuta muku ɗaya rabin da hannuna.

Shekara goma sha ɗaya na yi ina aikin wuta a wata masana'antar sabulu da ke Bassa, har mutanen unguwarmu ta New Bell suka manta sunan mahaifina suka koma kirana Iro Kuran, domin kuran muke ce wa wutar lantarki a nan Duwala. Da matsin nan ya sauko wa ƙasa, wanda kowa ke kira lakiriz, sai aka fara kiranmu ofis ɗaya bayan ɗaya. Wanda duk ya fito da farar takarda a hannu ba sai an tambaye shi ba, an sallame shi. Tawa ranar ta zo kamar ta kowa. Da aka yi gwanjon kayan sashenmu, abokan aikina suka yi ta rububin fanka da kujeru, ni kuwa abu ɗaya na sa wa ido: akwatin gwajin wuta da na daɗe ina ratayawa a kafaɗa. Aparai muke ce masa. Ruwan toka ne, bai kai rediyo girma ba, yana da maɗaurin fata da gilashi a fuska, a bayan gilashin kuma akwai allura siririya kamar hannun agogo. Ka murɗa maɓallinsa nan, ya gaya maka ƙarfin wutar da ke cikin waya. Ka murɗa can, ya gaya maka ko robar da ta lulluɓe wayar ta ci, wuta tana zurarewa cikin bango ko cikin ƙarfe. Ka ƙara murɗawa, ya gaya maka ko wayar ƙasa, wadda ke janye wutar da ta ɓalle kafin ta kama mutum, tana da rai ko ta mutu. Masu haɗa waya sun cika unguwa, kowane lungu akwai mai filaya a aljihu. Amma wanda zai gwada gini ya sa hannu a takarda cewa ginin ba zai kashe kowa ba, ba mu da yawa, kuma akwatin nan ne ya raba ni da sauran.

Sai dai aikin gwaji ba kullum yake zuwa ba, wani watan sau biyu, wani watan shiru. Abin da ya riƙe gidan shi ne makala, irin fanken nan da Innarku ke soyawa a ƙofar gida da safe, da kuma babur ɗin da na saya tun ina masana'anta. Tun lokacin da ake rufe gari saboda rikicin siyasa motocin haya su ɓace daga titi, mutane suka gano ana iya goya fasinja a bayan babur a samu na cefane. Bensikin ake ce wa sana'ar. Ni da na saba da rigar aiki mai suna a ƙirji, na koma tsayuwa a mararraba ina kiran fasinja, in na hango wanda ya san ni in sunkuyar da kai kamar ina duba taya.

A shekarar da aka karya darajar kuɗinmu na sefa, cikin watan ruwa, aka kwana uku ana zuba ba ƙaƙƙautawa. A rana ta uku na kai wani mutum Akwa, na maƙale a can ina jiran titi ya buɗe, ban dawo ba sai bayan la'asar. Tun daga bakin lungu na ga mutane suna kwashe ruwa da bokiti. Lambatun bayan gidanmu ya cika ya juyo cikin ɗakuna, ruwan ya kai ƙauri. Innarku ta ɗora katifarku a kan tebur, ta ɗora buhun fulawa a kan katifar, ku kuma ta zaunar da ku a kan gado. Akwatina yana ƙarƙashin gadon, inda na saba ajiye shi don kada ku taɓa.

"Malam, wallahi ban tuna da shi ba," in ji ta. "Fulawa na tuna, da yara."

"Ba komai," na ce, amma ban iya duban fuskarta ba.

Na jawo shi yana tsiyayar ruwa baƙi. A wannan watan Duwala ba ta ganin rana, don haka kusa da murhun makala na ajiye shi kwana uku, ina juya shi kamar mai gasa masara. Da na haɗa shi da waya, allurar ta tashi zuwa rabi, ta tsaya tana rawa, ta ƙi gaba ta ƙi baya.

Na fara zuwa Akwa, shagon da ke sayar da irin waɗannan kaya. Farashin da mai shagon ya faɗa sai da na sa ya maimaita. Ya ɗaga kafaɗa ya ce ba laifinsa ba ne, duk abin da ke sauka daga jirgin ruwa ya ninka tun farkon shekara. A duk abin da na mallaka, babur ne kaɗai zai iya sayen sabon akwati. Daga nan na wuce kasuwa wajen Baffanku, yana zaune cikin yadinsa da ba mai saye, na kwashe duka na gaya masa.

"Iro, zamanin takarda da sa hannu ya wuce," ya ce. "Wa ke gini yanzu? Mutane abinci suke nema. Ka jefar da gwangwanin nan ka riƙe babur ɗinka."

"Yaya, sana'ata ce."

"Sana'arka ita ce abin da ya ɗora tukunya jiya. In ka ƙi ji, to kai shi a gyara maka. Amma kada ka kuskura ka taɓa babur."

Akwai wani dattijo mai gyaran rediyo a wata 'yar rumfa kusa da layin dogo, Misye Ekambi, mutumin Duwala ne, an ce a tashar jiragen ruwa ya yi aiki kafin shi ma a sallame shi. Ya buɗe akwatin, ya daɗe yana leƙawa da gilashin da yake maƙalawa a ido ɗaya, ya ce in dawo bayan mako. Da na koma ya nuna mini wasu ƙananan abubuwa biyu da suka yi tsatsa, ya ce ya maye gurbinsu da waɗanda ya ciro daga wata tsohuwar rediyo. Ya haɗa shi da wutar rumfarsa, allura ta tashi sumul ta tsaya inda ya kamata. Na ji kamar in rungume shi. Shi kuwa bai yi murmushi ba.

"Misye Iro, saurara da kyau," ya ce da faransanci. "Allura tana motsi, wannan na yi. Amma in rantse maka gaskiya take faɗa a kowane maɓalli, ba zan iya ba. Sai an jera shi da ɗan'uwansa mai lafiya an gwada, kuma masu wannan aikin a garin nan sun rufe. Kafin ka kai shi gidan mutane, ka gwada shi a kan wayar da ka san ta lalace."

Na ce to. Da na zo gida na gwada shi a soket ɗin ɗakinmu, ya nuna daidai. Na gwada a ɗakin maƙwabci, ya nuna daidai. Lalatacciyar waya kuwa ban nema ba. A nan nake so ku tsaya ku karanta da kyau, domin wannan Baffanku bai taɓa sani ba: ba mantawa na yi ba. Tsoro nake ji in gwada in ga abin da zai raba ni da babur.

Bayan kwana kaɗan aiki ya zo. Wata unguwarzoma, Madam Ngono, wadda ta bar asibitin gwamnati bayan an zaftare musu albashi, ta kama wani tsohon gida a gefen Bonapriso ta mayar da shi ɗan gidan haihuwa. Wani ne ya haɗa mata wutar, amma ba za a ba ta izinin buɗewa ba sai da takardar mai gwaji. Mace ce doguwa mai saurin magana, tana biye da ni ɗaki ɗaki da makullai a hannu. Ɗaki shida ne. A kowanne allura ta tafi can ƙarshe, wajen da ke nuna lafiya lau. Na ƙarshe shi ne inda za a riƙa wanke jarirai, akwai tukunyar dumama ruwa ta lantarki a bango, da baho na ƙarfe a ƙarƙashinta, ƙasan kuma siminti ne da ba zai taɓa bushewa ba. Nan ma allura ta tafi ƙarshe. Na tsaya ina kallonta. A tsawon aikina ban taɓa shiga tsohon gini a Duwala cikin damina, bango yana gumi, allura ba ta ɗan ja baya ko a ɗaki ɗaya ba.

"Akwai matsala ne?" in ji Madam.

"Babu, Madam," na ce. Na ɗora takardar a kan akwatin na sa hannu.

Mako biyun da suka biyo baya ban taɓa yin irinsu ba. In na ɗauki fasinja zuwa ko'ina, sai in ga na bi ta titin gidan haihuwar, ina rage gudu ina leƙen ƙofa ko akwai taro, fasinja yana dukan kafaɗata yana tambaya ina zan kai shi. In na ji kukan mata daga wani gida sai in taka birki in saurara. A masallaci na sha tsayawa bayan liman ban san raka'a ta nawa muke ba, ina ganin bahon nan na ƙarfe da hannun mace a cikin ruwa. Innarku takan ajiye mini abinci in ɗan taɓa in ture. Ta tambaye ni sau biyu, na ce zazzaɓi ne. Na riƙa lallashin kaina cewa mai haɗa wutar ƙila gwani ne, ginin ƙila ya fi yadda nake zato, amma ko sau ɗaya ban buɗe akwatin na yi gwajin da dattijon ya ce in yi ba.

Maƙwabciyarmu Goggo Dija ce ta kawo ƙarshen abin, ba da saninta ba. Kun tuna ta, bafulatanar Garwa mai sayar da ƙanƙara da kindirmo daga wani tsohon firij. Wata safiya ta shigo tana yarfa hannu.

"Iro, zo ka ga firij ɗin nan, ya cije ni! Har cikin haƙorina na ji shi."

Na kashe wutar, na jawo firij ɗin daga bango. Ɓera ya cinye robar waya, jan ƙarfen yana kwance tsirara a jikin firij, ko yaro zai gani. Ba na bukatar na'ura kafin in gyara wannan. Amma na koma ɗaki na ɗauko akwatin, na maƙala wayoyinsa, na murɗa maɓallin gwajin zurarewar wuta. Allura ta tashi a hankali ta tafi can ƙarshe. Lafiya lau, in ji ta. Na cire na sake maƙalawa. Lafiya lau. Sau uku. Goggo Dija tana tsaye a kaina tana tambaya ko abin ya yi tsanani ne, don ta ga gumi yana ɗiga daga haɓata.

Na yanke lalatacciyar wayar na sa a aljihu, na sa mata sabuwa, na dawo gida. Innarku tana wanke kaskon suya a tsakar gida. Na tsuguna kusa da ita na gaya mata komai, har da gwajin da na ƙi yi. Ta saurara ba ta katse ni ba, hannunta cikin ruwan sabulu.

"Mata nawa ne a can yanzu?" ta ce.

"Ban sani ba."

"To me kake yi a nan, Malam?"

"In na je na faɗa, sai na sake gwadawa da akwati mai lafiya. Ba mai ara mini. Sai dai a sayar da babur. Ga makaranta saura mako biyu a koma."

Ta dubi igiyar shanya inda rigunanku na makaranta suke rataye, ta fito da su daga adaka tun jiya don su sha iska.

"Na sani," ta ce. "Ka fara zuwa ka kashe musu tukunyar nan. Sauran a yi shi daga baya."

Na iske Madam Ngono a baranda tana rubutu. A ciki mata uku ne a kwance, ɗaya tana naƙuda, ina jin nishinta ta taga. Na ce ina son magana da ita a keɓe. Da na gama, ta miƙe tsaye, ta fi ni tsawo.

"Ka sa hannu!" ta ce, tana danne murya don kada na ciki su ji. "Da takardarka aka ba ni izini. Jarirai tara na wanke a ɗakin nan. Ka san in magana ta fita, ni za a rufe, ba kai ba?"

"Na sani, Madam. Laifina ne."

"Laifinka ba zai dafa mini ruwa ba."

Ta wuce gabana da kanta ta kashe wutar ɗakin wankan, ta sa aka ɗora tukunya a kan gas. Ta ce ta ba ni kwana biyu, in ban dawo da na'urar kirki ba za ta nemo wani, kuma sunana za ta kai inda ya kamata.

A hanyar dawowa na tsaya wajen Misye Ekambi, ko akwai sauran dabara. Na nuna masa guntun wayar, na gaya masa abin da allura ta ce. Ya cire gilashin idonsa ya ajiye.

"Zan iya sake buɗewa," ya ce. "Ƙila in gano abin, ƙila in gano rabinsa. In na ba ka shi jibi, za ka sa hannu da shi a ɗakin jarirai?"

Na mayar da guntun wayar aljihu. Ya ce, "Ashiya," kamar yadda ake yi wa wanda aka yi wa rashi, ya koma kan rediyon da ke gabansa.

Washegari na sayar da babur ga wani mai tara su yana ba samari haya. Labari ya riga ni isa kasuwa. Baffanku ya rufe shago ya zo har gida, abin da bai taɓa yi da rana ba, ya tsaya a tsakar gida yana faɗa, maƙwabta suna leƙe.

"Ba wanda ya mutu! Ba wanda ya kai ƙara! Kai ka kai kanka! Yanzu me yaran nan za su ci, takarda?"

Na bar shi a tsakar gida. Na shiga motar haya zuwa Akwa na ɗauko sabon akwatin. Ruwan ɗorawa ne, ya fi tsohon ƙanƙanta, ba shi da allura, lambobi yake nunawa. Tun a kan teburin mai shago na fito da guntun wayar Goggo Dija na naɗa ta a jikin wani ƙarfe na gwada. Nan take ya nuna ta lalace. Sai a lokacin na biya.

Gwajin gidan haihuwar ya ci mini yini guda, abin da na yi cikin awa biyu a karon farko. Kowace waya sai na gwada ta sau biyu. Madam tana tsaye a bakin ƙofa, hannuwa a harɗe. A ɗaki biyu lambar ta ɗan yi ƙasa saboda damshin bango, amma ba ta kai inda ake tsoro ba. Na bar ɗakin wankan a ƙarshe. Na gwada tukunyar, na gwada bahon, na fita bayan gida na tono inda aka kafa ƙarfen wayar ƙasa na gwada shi. Komai lafiya. Wanda ya haɗa wutar ya san aikinsa. Takardar da na sa wa hannu da akwati maƙaryaci, duk abin da ke cikinta daidai ne.

"Ka gani?" in ji Madam. "Duk wannan tashin hankali a banza."

Na zauna a bakin bahon. Ba ta sake kirana aiki ba, kuma na ji ta gaya wa wasu cewa ni mutum ne da ba ya tsayawa a kan maganarsa. Don haka ba zan ce muku na ceci ran kowa ba. Da na yi shiru, da ba abin da zai faru, da babur yana nan. Amma ranar da na sayar ban san haka ba, kuma ba yadda za a yi in sani sai da sabon akwatin.

Abin da ya biyo baya a kanki ya faɗa, Zainabu. Ku uku ne a makaranta a lokacin, ke ce babba, a shekarar za ki shiga kolej. Ba babur, aiki kuma bai fara zuwa ba sai bayan watanni. Ƙannenki biyu muka iya mayarwa, ke kika zauna shekara guda kina taya Innarki suya, da kika koma kuma kika zauna aji ɗaya da waɗanda kika girma. Na san abin da kika ɗauka, na ji kin taɓa gaya wa 'yarki: wai don ke mace ce, kuma wai Innarki ce ta zaɓa don tana son mai taimako. Ba haka ba ne. Innarki ta roƙe ni a cire ɗaya daga cikin ƙananan, ta ce su suna da lokaci. Ni na yanke, domin kuɗin makarantarki ne mai nauyi, in aka cire ki biyu za su tafi. Kuma da na yi gwajin da dattijo ya ce in yi tun ranar farko, da ina da fiye da wata guda in sayar da babur a natse in nemi mafita, maimakon in jefar da shi cikin yini ɗaya ga wanda ya ga gaggawa a fuskata.

Ranar da aka koma makaranta, na fito da safe da sabon akwatin a kafaɗa zan taka zuwa Bassa neman aiki. Kina zaune a bakin ƙofa kusa da kaskon makala, 'yan ajinku suna wucewa cikin sababbin riguna, wasu suna ɗaga miki hannu. Ba ki yi kuka ba. Kika dubi akwatin, kika dube ni.

"Baba, wannan ba ya ƙarya?"

"Ba ya yi," na ce.

"To," kika ce, kika juya kika ci gaba da tsame makala daga mai.

Na yi niyyar in tsaya in yi miki bayani, sai na ga in na buɗe baki ba zan iya riƙe fuskata ba, na wuce. Shekara talatin da wani abu ke nan ina cewa gobe. Ki yafe mini, 'yata.